Kakin Da Ya Ƙi Narkewa

"Naa, naa, na ji dasibarka. Yanzu ne asubar taka, Buraima?"

"Ina gajiya, baiwata?"

"Gajiya tana nan tana jiranka. Na ce yanzu ne asubar taka?"

"Yaya kwanan mutanen gida?"

"Mutanen gida sun kwana, sun tashi, sun tsufa, wasu ma an kai su. Ina kakin?"

Buraima baduku ya jingine kekensa a bakin zaure, ya tsaya yana kaɗe ƙurar da babu ita a gefen riga. Da dasiba, gaisuwar safe ta Dagombawa, ya shigo don ya ja lokaci, ya kuwa san ba za ta karɓu ba. Rana ta riga ta leƙo ta kan katanga. Azeta mai koko tana tsaye a tsakar gidanta da ke unguwar Tishigu a Tamale, hannu a ƙugu, ga tukunyar kokon a kife, yau ko gasara ba ta tace ba.

Taubasai ne. Uwar Buraima da uban Azeta ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan wani Bakano da ya zo Gwanja fataucin goro ya ƙi komawa. Wannan ya ba kowannensu izinin ya zagi ɗan'uwansa son ransa a gaban kowa, ba kuma wanda aka yarda ya yi fushi. Tun suna yawo ba wando suke abu ɗaya, ga shi furfura ta cim musu, har yau ba a raba gardamar wane ne bawan wani ba. Sai dai fushin da ke fuskar Azeta yau na gaske ne, wasan yafa masa kawai ta yi a sama.

Dalili kuwa, yau autanta Nashiru zai tafi. Shekarar da Turawa suke ɗibar samarin Tamale zuwa yaƙin Bama ce, yaron kuma ya je da ƙafarsa ya dangwala yatsa. Motocin soja suna can filin bayan kasuwa, da hantsi za su ɗauki hanyar Salga. Nashiru tun yana goye yake fama da tarin damina, an kuma ce ƙasar da za a kai su ruwan sama ba ya ɗaukewa. Shi ya sa Azeta ta nemo zuma daga Gumani, ta daka citta da kanumfari da masoro ta zuba, ta cika masa tandu guda. Abin da ya rage shi ne a toshe bakin tandun a like da kakin zuma, don kada iska ko tururuwa su shiga. Wannan kuwa aikin Buraima ne, shi da kullum yake goga kaki a zaren ɗinkin fata.

Akwai kuma wani aikin da aka ba Buraima, wanda ba a gaya wa Azeta ba. Jiya da la'asar Nashiru ya same shi a rumfarsa, ya durƙusa cikin kayan soja masu yi masa yawa.

"Kawu, ka riƙe min Inna a gida gobe har mu tashi," in ji shi. "Ka ga abin da ta yi ranar da aka ɗauke ni, ta kama ɗamarar Saje tana birgima. In na ga hawayenta daga kan lori, wallahi dirowa zan yi. In na diro kuma ka san abin da ake yi wa wanda ya gudu. Tandun ka biyo mu da shi a keke, ana tsayar da mu a shingen hanyar Salga."

Sai da Buraima ya zage shi tas kafin ya amsa. Tun rasuwar uban yaron yake koya masa riƙon basilla, rana ɗaya ya ajiye ya ce shi tuƙin mota zai koya a soja. Amma dai ya amsa. Da haushin yaron ya kwana, da na Turawa, da na kansa, ya kuma fito da wani dunƙulen kaki a aljihu wanda ba don aiki ya ɗauko shi ba.

"Ga kakinki," ya ce, ya miƙa gwangwanin madara, rabinsa gutsattsarin kaki ne.

"Ɗora shi a wuta."

"A wuta? Haka kike dama kokon naki, shi ya sa yake ƙauri. Ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta, kamawa yake yi ya cinye miki rumfa. Kawo tukunya da ruwa, a zaunar da gwangwanin a ciki."

"Ruwa tun asuba yake tafasa yana jiran sarkin malalata."

"Wannan ya tafasa da yawa. Ɗebo na randa."

"Na randa? Mai sanyi?"

"Kaki ba ya son a firgita shi."

"Kai za a firgita yanzun nan da muciya."

Ta dai ɗebo, tana tafe tana tsaki. Buraima ya tsugunna gaban murhu, ya zaunar da gwangwanin cikin tukunya, ya janye ice guda ya ce ɗanye ne. Ta mayar. Ya sake janyewa ya ce hayaƙi yake yi.

"Taɓa icen nan karo na uku ka gani," in ji Azeta. "Ni ban san abin da ya sa aka haife ka ba. An ce ranar sunanka ragon da ya leƙa ya gan ka, da kansa ya miƙa wuya ya ce a yi sauri."

"Ke ai ko rago ba a yanka miki ba. Uwata ce ta karɓo ki da ƙwaryar dawa, aka ƙara mata kaza don ta yarda ta tafi da ke."

"Uwarka da ubana ya aurar, ya haɗa mata da tsohon jaki don a san an yi biki? Jakin ma ya fi ka zuciya."

"Allah ya ji ƙan uwata, ta goyi ubanki har bayanta ya lanƙwashe, ga abin da aka saka mata da shi."

"Amin. Dubi wutarka."

Ruwa ya ɗau zafi, kaki ya fara saki daga gefe, ƙanshinsa ya cika tsakar gida. Can sama ta kwanta ta yi garau kamar man gyaɗa. Azeta ta sunkuya ta leƙa.

"Ya narke."

"Idonki ne ya narke."

"Ga shi nan ruwa tsululu."

"Ke da ba ki san komai ba sai gasara, bari in koya miki ko kya mutu da ilimi ɗaya. Kaki munafuki ne. Gefe da sama yake fara saki ya nuna miki ya gama, alhali zuciyarsa tana nan ƙasa a daskare. In kika zuba shi da gudaji, gudajin ya zauna a bakin tandu, nan ne zai tsage. Ta nan iska za ta shiga, ta nan zumar za ta fita. Sai kin hango gindin gwangwani tas, sai tsinke ya zaga bai ci karo da komai ba. Kawo tsinken tsintsiya."

"Ga tsintsiya nan a bayanka."

"Wannan ta yi shara. So kike ɗanki ya sha dattin tsakar gidanki a Bama? Sabuwa."

Abin takaicin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Azeta na shiga ɗaki ya cusa hannu a aljihu, ya gutsuro kaki kamar ƙwayar goro, ya jefa. Gutsuren ya nutse ya zauna a ƙasa. Buraima ya ji kunya ta kama shi har kunnensa, kunyar kuma ta ƙara masa haushi.

Ta dawo da tsinke. Ya karɓa ya tsoma, ya zaga, ya tsaya.

"Taɓa ki ji."

Ta karɓa ta taɓa. Ta dube shi, ta dubi gwangwanin.

"Akwai gudaji," ta ce.

"Na gaya miki."

"Kai da kakin naka halinku ɗaya. Fuska lumui, ciki dutse. A ina ma ka samo shi? Ko ƙudan zuman da suka yi shi 'yan'uwan ubanka ne?"

"Kaki ne na Gumani, irin wanda nake ɗinka wa manya takalma da shi."

"Na ga takalman. Wanda ka ɗinka wa ladan, ƙafa ɗaya ta nufi masallaci, ɗaya ta nufi gidan giyar pito. Bawan Allah har yau a karkace yake kiran salla."

"Ke kuma da Turawa suna da hankali, da ba su ɗebi 'ya'yan mutane ba. Da kokonki za su loda a jirgi su kai wa abokan gaba. Ludayi ɗaya, yaƙi ya ƙare."

"Amma kullum kana nan da ƙoƙonka."

"Sadaka nake yi da cikina, don kada ya kai ga jama'a."

Ba ta yi dariya ba. Da wata rana ce da ta jefe shi da ludayi ta kira maƙwabta su zo su ji. Yau kunnenta yana wajen kasuwa. Shi ma nasa yana can.

Gutsuren ya narke. Ta sake tsoma tsinken da kanta, ta zaga, ba ta ji komai ba.

"To, sarkin ilimi. Kawo tandu."

"Saura gwajin ruwa."

"Wane gwajin ruwa kuma?"

"A ɗiga shi a ruwan sanyi. In ya baje ya yi faifai, ya nuna. In ya dunƙule, da sauransa. Ɗebo a ƙoƙo."

"Yaushe aka saukar da wannan? Da ka like wa maƙwabciyata Adiza tulun man shanu ban ga an ɗiga komai ba."

"Man Adiza Kumasi kawai za shi. Wannan teku zai ƙetare."

Ta juya wajen randa, ya sake jefa wani. Zafin murhu ya sa dunƙulen aljihun ya yi laushi, ya manne masa a yatsu, ya fara jin ɗuminsa a cinya. Wani ƙudan zuma ya zo daga inda Allah ya kawo shi, ya bar gwangwani, ya bar tandu, ya kama zagaya aljihun Buraima.

"Me ƙudan nan yake nema a jikinka?" in ji Azeta, tana ajiye ƙoƙon.

"Ya ji ƙanshin mutumin kirki."

"Ya dai ji mushe."

Ya ɗiga kakin a ruwa, ya baje ya yi faifai sarai. Buraima ya ɓata fuska ya ce bai gamsu ba, ya tsoma tsinke, ya ce ga shi nan, wani gudajin ya taso. Azeta ta taɓa ta ji shi. Wannan karon ba ta zage shi nan da nan ba, ta ɗan jima tana kallon bakin gwangwanin.

Sai aka busa begila daga wajen kasuwa.

Azeta ta miƙe zumbur, ta fizgo mayafi daga kan igiya, ta rungumi tandun.

"Zan kai masa haka."

"A buɗe?"

"A buɗe. In toshe da tsumma."

"Tafi mana. Kafin ki kai unguwar Sakasaka ƙudajen garin nan duka sun yi miki rakiya. Kafin Salga zumar tana cikin bargonsa. Tururuwa su cinye miki ɗa tun bai ga Bama ba, a ce uwarsa ce ta aiko su."

"Bakinka ya sari dutse, mugu ɗan mugunta."

"Ajiye tandun nan, Azeta."

"Ba zan ajiye ba. Ɗana ne ko naka?"

"Da nawa ne da na karya masa ƙafa tun ranar da ya fara leƙen bariki."

"To me ya hana ka? Kana zaune a rumfa kana soka fata, yaro ya wuce ta gabanka ya je ya sayar da kansa. Kawun banza. Ko akuya aka ba ka kiwo ai ka ɗaure ta."

Wannan ta shige shi, domin ita ce maganar da yake gaya wa kansa tun ranar. Ya buɗe baki zai rama da wadda ta fi ta zafi, ya tuna taubashi ba ya fushi, ya haɗiye. Azeta ta kai har bakin zaure ta tsaya, ba takalmi a ƙafarta, ba ta kuma neme su ba. Ta daɗe tana kallon hanya. Sannan ta dawo ta ajiye tandun kusa da murhu.

"Yi sauri," ta ce.

"Kawo totuwar masara a yi murfi."

Ta kawo. Ya ce ta yi kauri. Ta kawo wata, ya ce ƙwaro ya ci ta. Duk juyawar da ta yi sai ya jefa gutsure, har dunƙulen aljihun ya koma ɗan mitsitsi. Ya zauna yana fere totuwa da wuƙarsa a hankali, kamar mai sassaƙa wa sarki sanda.

Daga filin kasuwa aka fara jin motoci suna tashi, ɗaya bayan ɗaya, ƙararsu tana zuwa har cikin ƙirji. Aka ji ganga, aka ji guɗa, aka kuma ji wani abu da ba guɗa ba ne. Buraima ya san filin nan. Ya san yanzu kowane yaro da uwarsa a gindin mota, wata ta miƙa ƙullin ƙuli-ƙuli, wata ta riƙe yatsun ɗanta ta cikin katako. Ya hango Nashiru a ransa, da wuyan nan nasa mai tsawo, yana duba kawunan mutane. Shi ya ce kada ta zo, amma Buraima ya rene shi, ya san sai ya duba. Ya dubi Azeta. Tana tsugune, mayafi ya zame mata, tana kallon gwangwanin ko ƙiftawa ba ta yi. In yaron nan bai dawo ba fa? Da wane ido zai dubi matar nan a ce shi ya zaunar da ita gaban gwangwanin madara ranar da ɗanta ya tafi?

Ya tsoma tsinke ya zaga. Babu komai. Ana hango gindin gwangwanin tas, har da ɗan tsatsan da ke gefe.

"Ya narke," ya ce. "Kawo tandun. In kika bi ta bayan masallaci za ki same su."

Azeta ba ta motsa ba.

"Na ce ya narke. Miƙo."

"Bai narke ba."

"Me?"

Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna sosai, ta gyara zani.

"Kaki munafuki ne," ta ce. "Sama yake fara saki, zuciyarsa tana ƙasa."

"Azeta, ga gindin gwangwani nan kina gani."

"Idonka ne ya narke. Ni na ga gudaji."

"Babu gudaji. Karɓi tsinke ki taɓa."

"Wannan tsinken ya tsufa. Sai sabo."

"Ke, wannan ba wasa ba ne."

"Da can wasa muke yi?"

Buraima ya miƙe tsaye. Yanzu kam fushin ya fito fili, ba mayafi ba komai.

"Tashi ki je ki ga ɗanki. Ni na riƙe ki. Tun ɗazu kakin nan ya narke, ni nake jefa wani a ciki. Shi ya roƙe ni, ni kuma da nake babban banza na amsa. Ki zage ni gobe, ki zage ni har in mutu, amma yanzu tashi."

"Zauna, kana tare min iska."

"Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Kai a zatonka yau aka haife ni? Rabin gwangwani ka ɗora, Buraima. Dubi inda ya kai."

Ya duba. Kakin ya kusa taɓa baki.

"Tun da nake ban taɓa ganin kakin da yake haihuwa a kan wuta ba sai naka," in ji ta. "Ga aljihunka ya yi maiƙo har gwiwa, ƙuda yana binka kamar ka kwana uku a rana. Kai ko ƙarya aka ba ka ɗinki sai ta nufi gidan pito."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun gudajin farko. Kai, tun jiya ma. Yaro ya zo ya ci tuwo bai ɗaga ido ya dube ni ba. Da zai koma bariki ya durƙusa ya ce in yafe masa, wai sai da safe. Yaushe Auta ya taɓa durƙusa min don sai da safe?"

"To da kika ɗauki mayafi fa?"

"Ka ga na sa takalmi?"

Ya dubi ƙafafunta. Ta ɗauki ice ta tura cikin murhu, ba don wutar tana bukata ba.

"Na so in je," ta ce. "Har yanzu ina so. Ƙafata ce take ja, ni kuma ina riƙe ta. Na san hannuna, Buraima. In na taɓa shi ba zan saki ba, shi kuma zai diro. Su ɗaure min shi su yi masa bulala a gaban kasuwa, a kuma tafi da shi duk da haka. An ce ma hawayen uwa ba ya yi wa matafiyi kyau. To ga ni nan, ina jiran kaki."

"Da kin faɗa min ai da ban sha wannan wahala ba."

"In faɗa maka don me? In na ce na sani, me zai zaunar da ni? Gara ina da wanda zan zaga." Ta ɗago ta harare shi, idon ya yi ja. "Kuma kada ka ga kamar na huce. Ban huce ba. Ni na haife shi, ni na kwana zaune da tarinsa, amma da zai nemi alfarma wurin bawan gidanmu ya je. Wannan ɗaya. Na biyu, aiki ɗaya tak yaro ya ba ka a duniya, ka riƙe tsohuwa guda a gaban murhu, shi ma ka kasa. Da na biye maka da yanzu ina can ina birgima."

"Tausayinki na ji."

"Riƙe abinka. Tausayin baduku, ya soke ka sannan ya shafa maka kaki."

Buraima ya koma ya tsugunna. Motoci suka yi ƙaho, gangar ta ƙara ƙarfi, sannan ƙarar ta fara tafiya. Suka ji ta ta karya kwana, ta miƙe kudu, tana raguwa. Azeta ta kama gefen kujerarta da hannu biyu ta riƙe gam, har jijiyoyin hannun suka fito. Ba ta saki ba sai da aka daina jin komai in ban da tafasar ruwan tukunya.

Sannan ta ɗauki tsinken nan da ta ce ya tsufa, ta tsoma, ta zaga a hankali.

"Yanzu ya narke," ta ce.

Ba a yi gardama ba. Ta riƙe tandun tsakanin gwiwoyinta, ya cusa totuwar ta zauna daram, ya kama gwangwanin da tsumma ya tsiyaya. Kakin ya bi bakin tandun ya zagaye, ya kwanta sumul ba ƙwaya ko ɗaya. Ya bari ya sha iska, ya ƙara wani a kai, ya rufa 'yar fata ya ɗaure da zare. Ya kifa tandun ya girgiza, ko ɗigo bai fito ba. Tun da yake sana'a bai taɓa likin da ya kai wannan kyau ba, abin ma ya ba shi haushi.

Ya kai hannu zai ɗauki gwangwanin, ta buge hannun.

"Bar min."

"Kakina ne, har da na aljihu."

"Ya zama nawa. Zumar nan ba za ta kai shi shekara ba. In ta ƙare zai aiko a ƙara masa, da me zan like?"

Buraima ya dubi kakin da ya fara daskarewa daga gefe. Bai gaya mata cewa ba a aiko da saƙo daga Bama don zuma ba.

"Na bar miki," ya ce. "Ki rufe shi, ɓera yana ci."

"Ɓeran da na sani ƙafa biyu gare shi, da keke. Tashi, kada su bar shingen. In ka fasa tandun nan a hanya kada ka dawo garin nan, ka wuce Salga ka nemi mai sayen bawa."

"Wa zai sayi tsoho?"

"Ka ce a ƙara musu kaza."

Ya ɗaure tandun a cikin riga ta wajen ƙirji, ya fito da keken ya ɗora ƙafa. Azeta ta biyo shi har bakin zaure, nan ta tsaya, ƙafarta ba ta ƙetare dokin ƙofa ba.

"Buraima."

Ya waiwayo.

"Ka ce masa cokali ɗaya da safe, kada ya raba wa abokai. Ka ce ya riƙa rufe ƙirjinsa." Ta ja gefen mayafi. "Ka ce masa ban yi kuka ba."

Buraima ya dubi fuskarta. Hawaye ya riga ya sauka har haɓa, yana ɗiga a kan mayafin, ita kuwa tana harararsa kamar ba nata ba ne.

"Ƙarya ta biyu ke nan a rana ɗaya," ya ce.

"Ai ta farkon ba ka iya ba. Gwada wannan."

Dariya ta kuɓuce masa. Ya share ido da bayan hannu, kakin da ke yatsunsa ya manne masa a gira.

"Na yarda, yau ni ne bawan," ya ce. "Wannan kam zan riƙe ta har ƙarshe, uwar ɗakina."

Ya taka keken ya nufi hanyar Salga, hannu ɗaya a kan tandun.